Kafin ka sayi sabon filet, duba wasan hannun kuloci

Yawancin wasiƙun da suka taru mini a wannan makon a kan kuloci suke, kuma ban yi mamaki ba. Kaka ta yi, babura sun koma jakunan zamani, ana ta jidar masara da dawa da waken suya daga gona zuwa kasuwa, ga ƙurar hunturu ta fara kutsawa duk inda iska ke shiga. Lokacin ke nan da kuloci ke nuna halinsa. Na zaɓi shida daga ciki na taƙaita, kuma kamar kullum na cire sunaye.

Tambaya: Malam, Boxer gare ni, shekara biyu ke nan ina acaba da shi tsakanin garinmu da ƙauyukan kewaye. Kwanan nan in na ɗauki mutum biyu na zo hawa tudu, sai injin ya yi ta kuka amma gudu babu. Makanike ya ce filet ya ƙare, in kawo kuɗi a sa sabo. Wanne zan saya, na kamfani ko mai arahar? (Ɗan acaba daga yankin Funtuwa)

Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Ba ƙaryata makanikenka nake ba, domin abin da ka kwatanta, injin na kuka taya ba ta amsawa, shi ne ainihin zamewar kuloci. Sai dai ba ka gaya mini ko ya taɓa hannun kulocin kafin ya yanke hukunci ba, kuma a nan gizo ke saƙa.

Bari in kwatanta maka abin da ke bayan murfin nan na dama. Farantai ne a jere kamar an kifa faifai a kan faifai: ɗaya mai kaushi, wanda shi ake kira filet, na biye da shi ƙarfe sumul, sai wani mai kaushin, haka har ƙarshe, duk suna jiƙe cikin baƙin mai. Sifirin ne ke matse su wuri guda, matsin nan kuwa shi ke ɗaukar ƙarfin injin ya miƙa wa giya. In ka matsa hannun kuloci, sai waya ta ja ɗan ƙarfen da ke jikin injin, shi kuma ya ɗage matsin, farantan su saki juna. In ka saki hannu, dole wayar ta kwanta gaba ɗaya, ta ƙyale sifirin ya yi aikinsa da dukan ƙarfinsa. Ɗan lilon nan da kake ji a farkon hannun, kafin nauyi ya zo wa yatsunka, shi ake kira wasa, kuma shi ne shaidar cewa wayar ta kwanta. In babu shi, daidai yake da a ce wani yaro ya ɗora yatsa a kan kulocinka tun safe har dare bai ɗaga ba. Farantan ba su kama sosai ba, ba su kuma saki ba, sai gugar juna da zafi. Kai kaɗai a kan shimfiɗaɗɗen titi ba za ka ji komai ba. Ranar da ka ɗora nauyi ka fuskanci tudu, ranar asiri ke tonuwa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, da bakinmu muke sa a kashe wasan nan. Mutum ya je gareji ya ce hannun ya yi lagwai-lagwai, a ɗaure masa. Yaron gareji, da yake ba ya son musu da mai biyan kuɗi, sai ya murɗa har wayar ta tsaya ƙyam kamar tsirkiyar baka. Mai babur ya tafi yana murna wai kuloci ya yi kaifi. Kwana kaɗan ya dawo neman filet. Ko ba wanda ya taɓa, wasan yakan ragu da kansa: a yawancin injuna, yayin da filet ke cinyewa a hankali, jerin farantan yana sirancewa, sai farantin da ke danne su ya matso ya cinye sararin da aka bar wa waya. Shi ya sa wanda aka saita daidai bara ba lalle ne ya zama daidai bana ba.

To nawa ne daidai? A nan mutane ke rikicewa, domin kamfanoni ba wuri ɗaya suke aunawa ba. Littattafan Bajaj, masu ƙera Boxer, sukan ce milimita 2 zuwa 3, amma a gindin hannun ake auna shi, wato ratar da ke buɗewa tsakanin hannun da mazauninsa in ka ja shi a hankali har ka ji tauri. Wajen kaurin tsinken ashana ke nan, ko kaurin makullin babur ɗin. Honda kuwa, a ƙananan baburanta irin CG125, takan ce milimita 10 zuwa 20, amma a can ƙarshen hannun inda ɗan dunƙulen nan yake. Wajen faɗin yatsa ɗaya. Abu guda ake nufi, nisan wurin awo ne ya bambanta. Wanda ya ji "2 zuwa 3" ya je ya auna a ƙarshen hannu, ya ɗaure kulocinsa fiye da kima bai sani ba.

Ga yadda za ka yi, kuma da safe kafin injin ya yi zafi ya fi. Janye robar da ta rufe gindin hannun, za ka ga wata kusa mai rami wadda waya ta bi ta cikinta, da wani noti mai faɗi da ke kulle ta. Sassauta notin. In ka murɗa kusar ta shige ciki, wasa ya ƙaru; in ka fito da ita waje, wasa ya ragu. Kai ƙari kake nema, don haka ciki za ka yi. In ta ƙure ba ka sami abin da kake so ba, sai ka sauka ƙasa, inda wayar ta ƙare a jikin injin. Akwai noti biyu a can da suka sa wani ɗan mariƙi a tsakiya, galibi sifana mai lamba 12 ko 14 ke kama su. Saitin jikin injin shi ne na babban gyara, na gindin hannu na ɗan ƙarasawa. In ka gama ka ɗaure duka, sai ka juya kan babur ya ƙure dama, ya ƙure hagu, kana taɓa hannun. In wasan ya ɓace a gefe ɗaya, an bi da wayar ta inda take ɗamewa, sai an warware ta.

Daga nan sai gwaji. Hau titi, sa babbar giya alhali kana tafiya a hankali, sannan ka buɗe totur sosai. Lafiyayyen kuloci zai sa injin ya yi nishi, gudu da ƙara su riƙa hawa tare. In ƙara ta yi tsalle ta bar gudu a baya, har yanzu yana zamewa. A lokacin ne za a duba irin man da ke ciki, wanda zan zo kansa a ƙasa, sannan a buɗe murfi.

Ni ma na taɓa biyan wannan kuɗin makarantar. Tun kafin gwamnatin Kano ta hana acaba a 2013, ina da wani tsohon babur da nake zuwa aiki da shi. Ya fara zamewa, wani makanike ya sa mini sabon filet, ko wata uku ba a yi ba ya koma gidan jiya. Wani dattijo mai faci a bakin hanya ne ya kama hannun da yatsa biyu, ya dube ni ya ce, "Wannan ai ba ya numfashi." Murɗa biyu ya yi. Filet na biyun dai ya riga ya ƙone sai da na sake, amma na ukun har na sayar da babur ɗin yana ciki.

In an buɗe an ga da gaske ya cinye, amsar tambayarka ita ce na kamfani, kuma daga shagon dilan da aka sani, domin kwali ba shaida ba ne, masu jabu sun iya buga kwali. Kai da babur ɗin nan kake ci da iyali. Kuɗin aiki da na gasket da na sabon mai duk ɗaya ne ko wane iri ka sa, saboda haka mai arahar da zai sa a buɗe injin sau biyu ya fi tsada. Ka tsaya a wurin a yi a gabanka. A jiƙa sabbin filet ɗin cikin man injin kafin a jera su, kada a sa su a bushe. A duba na ƙarfen: wanda ya yi shuɗi-shuɗi ya sha wuta, wanda aka kwantar a kan gilashi ya ƙi kwanciya ya karkace, ba shi da sauran amfani. A gwada tsawon sifirin da sabo, in ya gajarce a canza su duka. Kuma in ka ji an ce za a cusa washa, wato ɗan zoben ƙarfe, a ƙarƙashin sifirin don ya ƙara matsi, ka ce a'a. Gyaran gangar Auzinawa ne: zamewar za ta lafa na ɗan lokaci, hannun ya yi tauri, waya ta fara tsinkewa.

Tambaya: Na saya wa ɗana babur don zuwa makaranta. Yaron yatsunsa gajeru ne, kuma ya ce kulocin ba ya kamawa sai ya kusa sakin hannun gaba ɗaya, kullum sai ya mace masa a mahaɗar hanya. Ya nuna mini wani hannu mai launi a waya, mai ɗan maɓallin lambobi, wai in saya masa. Yana da amfani? (Uba daga Zariya)

Baba, Allah ya sanya alheri. Abu biyu ne suka haɗu a maganar yaron, kuma gara a raba su: nisan hannun daga yatsunsa, da wurin da kuloci ke kamawa.

Wurin kamu ba shi da wata kusa tasa ta daban a irin waɗannan baburan. Wasa ne ke tafiyar da shi. In wasa ya ƙaru, kamun yana matsowa kusa da mariƙi, wato robar kan babur da tafin hannu ke riƙewa. In ya ragu, kamun yana gudu can waje. Tunda na ɗanku sai a ƙarshe yake kamawa, zato na farko shi ne an ɗaure wayar da yawa, abin da ba baƙo ba ne a babur ɗin da aka haɗa daga kwali cikin gaggawa. A auna kamar yadda na faɗa a sama. In awon ƙarshen hannu ake bi, 10 zuwa 20, a kai shi wajen 20. Wannan kaɗai zai jawo kamun ya zo inda yatsunsa ke da ƙarfi.

Amma a tsaya a nan. In aka wuce iyaka don neman daɗin hannu, sai a faɗa ɗaya ramin: hannun zai taɓa mariƙi alhali farantan ba su gama rabuwa ba. Alamunsa ba sa ɓuya. Giya ta ɗaya za ta shiga da ƙara, ƙwas, babur ya yi ɗan tsalle. A tsaye, hannu a matse, za a ji yana son tafiya. Firi kuma, wato inda babu giya, ya yi wuyar samu in injin na aiki, amma da an kashe sai ya shiga salin-alin. Wannan ta ƙarshen ita ce alamar da na fi yarda da ita.

Shi kuwa hannu mai lambobi, aikinsa matso da hannun kusa da yatsu ne kawai. Mai kyau yana taimakon masu ƙananan hannu, ban musa ba. Sai dai ku sani, hannun da aka matso da shi tafiyarsa ta ragu, wato ba ya jan waya da nisa kamar na asali, don haka dole a sake saita wasa bayan an sa, a kuma tabbatar kulocin yana saki. Masu arahar da ke cika kasuwa, launinsu ya fi aikinsu: ramin kusar yakan yi yawa har hannun ya riƙa rawa sama da ƙasa, wasu kuma ba sa taɓa ɗan makunnin da ke gindin hannu a baburan da ake tayarwa da maɓalli, sai a wayi gari sitata ta ƙi amsawa a cikin giya.

Da ni ne, ba zan sayi komai a wannan watan ba. A saita wasa. A sassauta mazaunin hannun a ɗan sunkuyar da shi ƙasa yadda yatsu za su sauka a kansa ba tare da an karya wuyan hannu ba. A sa giris a kusar. Sannan yaron ya sami fili, ya yini yana tashi yana tsayawa ba tare da totur mai yawa ba, har hannunsa ya haddace wurin. Mutuwar babur a mahaɗa, ga sabon shiga, rabinta tsoron hon ɗin na baya ne.

Tambaya: Yayana yana da mota, in ya yi juye yakan rage mini mai a galan, mai tsada ne ma. Tun da na fara zuba shi, kulocina ya canza. Abokai sun ce man ya fi ƙarfin babur ne. Gaskiya ne? (Mai karatu daga Bauci)

Ba ƙarfi ya fi ba, santsi ya fi. A mota kuloci a bushe yake, ba ruwansa da man injin. A babur irin naka kuwa, mai ɗaya ne ke wanke injin da giya da kuloci. Man motocin zamani da yawa ana zuba masa sinadaran rage guga don a rage shan fetur, su kuwa farantan kuloci da guga suke aiki. Saboda wannan matsalar ce Japanawa suka fito da ma'aunin JASO na man babur a 1998. Juya galan ka duba bayansa: MA ko MA2 shi ne na kuloci mai jiƙa cikin mai, MB na sikuta ne mai bel, wanda kulocinsa ba ya cikin mai, kada ka saya. Kaurin kuma ka bi littafin babur ɗinka, da yawa daga cikin na wajenmu 20W-50 suke sha.

Juye wannan man tun yau, da ɗumin injin don ya fita sosai, ka zuba na babur. In abin bai yi nisa ba yakan warware, wani lokaci sai an yi juye na biyu. In ya ƙi, filet ya riga ya yi sulɓi, sai canji. Yayanka kuwa ka yi masa godiya, ka ce ya riƙe kayansa.

Tambaya: Kabu-kabu nake yi. Wayar kuloci ta uku ke nan ina sa wa tun bayan sallah, kullum a sama take tsinkewa kusa da hannu. Mai shago ya ce in sayi mai tsadar. Ita ce maganin? (Daga Maraɗi)

Aboki, waya uku a wuri ɗaya ba laifin waya ba ne kaɗai. Dubi ɗan dunƙulen dalmar da ke kan wayar, wanda ke zama cikin ramin hannu. An yi shi ne ya riƙa juyawa a ramin duk lokacin da ka matsa. In ƙura ta haɗu da tsatsa ta riƙe shi, sai wayar ta riƙa lanƙwasa a wuyansa maimakon ya juya. Lanƙwasa ɗari nawa kake yi a yini cikin kasuwa? Silin ƙarfen za su riƙa katsewa ɗaya bayan ɗaya. Cire hannun, wanke ramin, duba ko ya cinye ya yi baki mai kaifi. In ya yi, hannun za ka canza, kuma bai kai kuɗin wayoyin da ka riga ka zubar ba. Sa ɗan giris a dunƙulen da kusar da hannun ke lilo a kanta.

Sauran abubuwan dubawa: kusar saiti ta sama, in an fito da ita har ta kusa faɗuwa, takan karkace ta riƙa cin wayar a bakinta, sai a mayar da ita ciki a cike gibin daga ƙasa. Hanyar da wayar ta bi, kada ta yi kwana mai tsanani, kada ta jingina da kan injin mai zafi, kada a ɗaure ta tamau da roba a jikin ƙarfe. Ka kuma tambayi wanda ya buɗe maka injin na ƙarshe ko ya ƙara wani abu a sifirin.

Wajen saye, masu shago za su ce maka wannan ɗan Indiya ne, wancan ɗan Sin, wancan daga Nnewi ya zo. Nnewi ta jihar Anambra babbar cibiyar kayan babur ce, kuma kaya hawa-hawa ne ke fitowa daga can, don haka sunan gari ba ya gaya maka komai. Tafi da tsohuwar wayar. Jera su, ka gwada tsawon rigar waje, sannan ka ja ta cikin ta ƙure gefe ɗaya ka gwada abin da ya fito. Wannan ragowar ita ce mai muhimmanci: in ta fi ta asali tsawo ko gajarta, saiti zai ƙure ba ka sami wasan kirki ba. Ja ta ka tura, ka ji ko tana tafiya sumul. Duba tana da robar hana ƙura a ƙarshenta. Masu kyau suna da siririyar riga mai santsi a ciki, irin waɗannan ba sa son a ɗura musu baƙin mai, yana tara ƙura ne kawai. Kuma kowace sabuwar waya takan ɗan miƙe a kwanakin farko, ka sake duba wasa bayan mako guda.

In kana shiga daji, ga dabarar matafiya: sayi biyu, ka bi da ta biyun kusa da ta farko, ka naɗe bakunanta da leda. Ranar da ta tsinke, sauya baki kawai za ka yi.

Tambaya: Moto nawa irin na mata ne, ba shi da hannun kuloci, da ƙafa kawai nake sa giya. Yanzu giyar ta yi tauri, in ta shiga sai ya fizge ni. An ce ba a saita irin wannan, sai dai in sayar. (Wata 'yar'uwa daga Damagaram)

Hajiya, kada ki sayar. Wanda ya gaya miki haka, ko bai sani ba, ko yana son moton. Irin wannan, da muke kira roba-roba a wajenmu, jikokin Super Cub ne da Honda ta fitar a 1958, kuma suna da kuloci, hannu ne kawai babu. Saurin juyin injin ne ke sa shi kamawa in kin ba da wuta, sannan duk lokacin da kika taka giya, takawar ce ke sakin farantan na ɗan lokaci. Wasan nasa yana jikin murfin dama: wata kusa mai tsaga a kai, da noti kewaye da ita.

A injin Honda da waɗanda aka kwaikwaya daga gare shi, injin a kashe, ana sassauta notin, a juya kusar dama zagaye ɗaya, a dawo da ita hagu a hankali har a ji ta fara tauri, daga nan a koma dama kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, a riƙe ta da sukundireba a ɗaure notin. Wannan 'yar komawar ita ce wasan. Aikin minti biyar ne, amma ki sa makaniken da ya saba da irinsu ya yi, don wasu kamfanonin juyinsu ya bambanta. Ki ce ya duba har da sululun injin: in yana gudu da yawa a tsaye, ko an saita kuloci zai ci gaba da fizga. Sarƙa mai sako-sako ma tana ƙara fizgar.

Tambaya: Zan sayi babur na hannu. Biyu na gani: wani ƙarami mai waya, da wani babba ɗan waje wanda mai shi ya ce kulocinsa na mai ne, ba a taɓa saita shi. Me zan duba? (Ma'aikaci daga Abuja)

Maganar mai babban tana da ƙamshin gaskiya. Kuloci mai aiki da ruwa, wanda za ka gane shi da ɗan kofin da ke gindin hannun hagu kamar na birki, yana cike gibin cinyewa da kansa, ba shi da wasan waya da za a murɗa. Abin da ake iya canzawa nisan hannu ne kawai. Amma "ba a saitawa" ba ya nufin "ba a kula". Ruwan yana tsufa, iska tana shiga, robobin ciki suna yoyo. Karanta murfin kofin: wasu DOT 4 suke sha, irin na birki, wasu kuma wani mai na daban, kuma in aka musanya robobin ne ke lalacewa. Matsa hannun ka riƙe. In ya yi laushi kamar soso, ko kamun yana sauya wuri tsakanin matsa ɗaya da ta biyu, akwai aiki a gaba. Kafin ka biya, zagaya ka tambaya ko ana samun robobinsa da filet ɗinsa a garin, kada ka sayi abin da zai yi wata uku a jingine yana jiran saƙo daga waje.

Ƙaramin kuwa, kusoshin saitinsa za su ba ka labarin da mai shi ba zai bayar ba. In ka ga an kai su ƙarshe, sama da ƙasa, an ƙure neman wasa ko an ƙure kashe shi, ko dai waya ta miƙe ko filet ya kusa. Ta farko ƙaramar magana ce, ta biyu a rage maka a ciniki. Je da safe ba tare da ka faɗi lokaci ba, ka taɓa injin ka ji da sanyi. Buɗe murfin mai ka sansana, ƙonannen kuloci yana barin ƙauri. Hau shi har ya yi zafi sosai, domin wani ba ya zamewa sai da zafi, ka yi gwajin babbar giya, sannan ka tsaya ka nemi firi injin na aiki. In kamun yana zuwa da karkarwa, kamar ana fizgar ka kaɗan-kaɗan, galibi farantan ƙarfe sun karkace ko kwandon da ke riƙe su ya yi tsaga-tsaga, kwando kuwa ya fi filet tsada nesa ba kusa ba. Ka tafi da sifana 12 da 14 a aljihu, ka nemi izinin mai shi ka saita wasan da kanka kafin ka hau. In ya hana ka taɓawa, tambaye shi dalili.